Hodar nan mai shuɗin haske da ta shiga gidajen Goiania

Jama'a, da an ce haɗarin nukiliya sai hankali ya tafi Chernobyl ko Fukushima. Yau ku biyo ni birnin Goiania na ƙasar Brazil, inda babu tashar nukiliya ko ɗaya.

A 1985 wani asibitin masu ciwon daji ya koma sabon gini, ya bar na'urar ƙona cutar a tsohon. Shari'a ta sarƙe a kan wurin, na'urar tana nan zaune, kowa na jiran wani ya ɗauke ta. Ranar 13 ga Satumba 1987 wasu mutum biyu masu neman ƙarfen sayarwa suka shiga kangon, suka kwance kan na'urar, suka tura shi gida a baro.

A cikinsa akwai siziyom-137, sinadari mai fitar da tururin nukiliya mai guba, gari ne kamar gishiri, bai kai giram 100 ba. Suka huda shi, suka sayar wa wani mai gwangwan. Da dare mutumin ya ga abin yana ba da shuɗin haske, ya ɗauka dukiya ya samu. Ya kai gida, dangi da maƙwabta suka yi ta zuwa kallo, ana gutsura musu. Wasu har shafawa suka yi a jiki. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta yi wasa da shi, ta ci abinci da hannun.

Sai amai da gudawa. Da farko an ɗauka abinci ne.

Wadda ta gano bakin zaren ita ce matar mai gwangwan, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ba ta karanta kimiyyar nukiliya ba, lura kawai ta yi cewa tun da abin nan ya shigo gida babu mai lafiya. Ranar 28 ga Satumba ta sa shi a jaka, ta hau bas, ta kai ofishin hukumar lafiya. Allah kaɗai ya san rayuka nawa ta ceta. Ita kuwa ta rasu ranar 23 ga Oktoba, rana ɗaya da yarinyar. Ma'aikatan gidan gwangwan biyu suka bi su.

An auna mutum kusan 112,000, aka samu 249 da gubar ta taɓa. Tsoro kuma ya yi nasa ɓarnar: ranar jana'izar yarinyar, jama'a suka tare hanya da duwatsu, wai gawar za ta gurɓata maƙabarta.

A 2007 hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta fito da ƙarin alamar gargaɗi kan haɗarin irin wannan guba, don an gano mutane da yawa ba su san ma'anar tsohuwar mai kama da fanka ba. Sabuwar ja ce, da ƙoƙon kai da mutum yana gudu. A Najeriya hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, NNRA, ce ke bin sawun irin waɗannan na'urori a asibitoci da kamfanonin mai. In kana da ɗan'uwa mai sana'ar jari bola, nuna masa alamun nan biyu.