Yadda Jami'ar Alabama Ta Ɗauko Kocin Tsaron Baya Bayan Ritayar Nick Saban

A ranar 10 ga Janairun 2024, Nick Saban ya tara 'yan wasansa a garin Tuscaloosa da ke jihar Alabama ta Amurka, ya shaida musu cewa ya ajiye aiki. Shekara 17 ya yi yana horar da ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Alabama, kuma a cikinsu ya ci mata kofin ƙasa sau 6. Kwana biyu bayan haka jami'ar ta sanar da Kalen DeBoer, wanda ya zo daga Jami'ar Washington, a matsayin magajinsa. Hankalin 'yan jarida da na magoya baya duk ya karkata ga wannan naɗi, amma a wannan bidiyon za mu duba wanda ya biyo bayansa a cikin makon da ya zagayo, wato ɗaukar Kane Wommack a matsayin mataimakin koci mai kula da tsaron baya, domin a ganina a nan ne ainihin giɓin da Saban ya bari ya fi zurfi.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata wanda bai saba da wasan ba ya san abu ɗaya. Ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ba ita ce wadda muka saba gani a gidajen kallo ba, inda 'yan wasa 11 su ne ke kai hari kuma su ne ke komawa tsaro. A can kowace ƙungiya tana da runduna biyu daban, masu kai hari da masu tsaron baya, kuma idan ɗaya tana cikin fili ɗayar tana zaune a gefe tana jira. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10 na fili. In sun ci, a sabunta musu damar, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Aikin masu tsaro shi ne su hana cin wannan yadi 10 ɗin. Tunda rundunonin biyu suna atisaye daban, suna zaman nazarin bidiyo a ɗakuna daban, kowacce tana da nata shugaban a ƙarƙashin babban koci. Saboda haka kalmar "mataimaki" tana iya ruɗar da mutum, domin wanda aka ba tsaron baya rabin ƙungiyar aka damƙa masa, shi ne mai tsara dabarun mako, shi ne kuma mai zaɓar tsarin da za a tsaya a kai kafin kowace dama a ranar wasa.

A zamanin Saban, wannan muƙami yana da wata siffa ta daban. Mutane da dama sun riƙe shi, ciki har da Kirby Smart wanda yanzu yake jagorantar Jami'ar Georgia, amma kowa ya san cewa tsarin tsaron na Saban ne. Shi kansa ɗan wasan baya ne tun yana ɗalibi a Jami'ar Kent State, kuma har ya haura shekara 70 yana shiga filin atisaye da hular kabarsa yana gyara wa 'yan bayan tsayuwa da taku da hannunsa. Duk wanda ya zo riƙe muƙamin, littafin Saban yake tararwa a kan tebur, ya koya, ya koyar. DeBoer kuwa mutumin kai hari ne. Da wannan fasaha ya kai Washington wasan ƙarshe na ƙasa, inda Michigan ta doke su da ci 34 da 13 kwana biyu kacal kafin ritayar Saban. Ga kuma Kevin Steele, wanda ya riƙe tsaron Alabama a kakar 2023, shi ma ya yi ritaya a wannan watan. Ke nan sabon kocin ba mai riƙe masa littafi yake nema ba, mai rubuta sabon littafi tun daga bango yake nema, kuma wanda zai iya juya masa baya ya tafi ɗakin masu kai hari hankalinsa kwance.

Wannan ne ya sa ya koma ga tsohon sani. A shekarar 2019, DeBoer da Wommack sun yi aiki tare a Jami'ar Indiana a ƙarƙashin Tom Allen, DeBoer yana riƙe da kai hari, Wommack yana riƙe da tsaro. Ma'anar haka ita ce sun shafe kaka guda suna gwabzawa da juna a filin atisaye, wannan yana ƙulla dabara, wancan yana neman kwance ta, kuma babu hanyar sanin kaifin tunanin abokin aiki da ta fi wannan. Indiana ta ci wasa 8 a wannan shekarar, abin da ta daɗe ba ta gani ba. Daga nan kowa ya kama gabansa, DeBoer ya tafi Fresno State sannan Washington, Wommack kuma ya zama babban kocin Jami'ar South Alabama da ke birnin Mobile a kakar 2021.

A nan ne labarin ya zo da abin mamaki, domin Wommack ba zaman jiran aiki yake yi ba. Shi ne mai gida a ƙungiyarsa, kuma yana cin nasara. A 2022 South Alabama ta ci wasa 10, kuma a watan Disambar 2023 ta lallasa Eastern Michigan da ci 59 da 10, wanda shi ne karo na farko da jami'ar ta ci irin wasannin nan na ƙarshen kaka a tarihinta. Bai cika wata guda da wannan nasara ba ya ajiye kujerar shugabanci ya karɓi ta mataimaki, yana da shekara 36. A da, irin wannan sauyi koma baya ake ɗaukarsa, tunda burin kowane mataimaki shi ne wata rana a kira shi babban koci. Kuma ba shi kaɗai ba ne, domin a cikin watan nan Maurice Linguist ya bar shugabancin ƙungiyar Jami'ar Buffalo ya zo Alabama don horar da 'yan baya tare da shi.

Dalili na farko kuɗi ne, kuma babu amfanin ɓoye shi. Albashinsa a South Alabama bai kai dala miliyan 1 a shekara ba, a Tuscaloosa kuwa ya haura dala miliyan 1.5. Manyan rukunonin gasa biyu, SEC inda Alabama take da kuma Big Ten, suna samun maƙudan kuɗi daga kamfanonin talabijin, har ta kai mataimaki a cikinsu ya fi babban koci na ƙaramin rukuni albashi. Shekara guda bayan haka ma Penn State ta ɗauke Jim Knowles daga Ohio State a kan kusan dala miliyan 3.1 a shekara, alhali bai fi mako guda da cin kofin ƙasa ba. Amma akwai dalili na biyu wanda nake ganin ya fi na farko nauyi. Tun da aka sassauta dokar sauya sheƙa, aka kuma halatta wa ɗalibai 'yan wasa karɓar kuɗin talla a 2021, kocin ƙaramar jami'a ya zama tamkar mai kiwo wa wasu: ya ɗauko yaro ba wanda ya san shi, ya horar da shi shekara biyu, da zarar ya goge sai babbar jami'a ta zo da tayin da ba zai iya tararwa ba. Mutum mai buri yakan ga gara ya koma inda ake kai dabbobin a kan ya ci gaba da zama inda ake ɗibarsu.

Sai dai a wannan karon ita ma Alabama ɗibarta ake yi. Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta wancan lokacin ta ba 'yan wasa kwana 30 su nemi sauya makaranta idan babban kocinsu ya tafi, kuma da yawa sun yi amfani da damar. Wanda tafiyarsa ta fi ciwo shi ne Caleb Downs, ɗan baya da ya yi fice tun a shekararsa ta farko, ya koma Ohio State ya ci kofin ƙasa da su a kakar da ta biyo. Kocin da ke horar da 'yan bayan, Travaris Robinson, shi ma ya tafi Georgia. Don haka aikin farko da Wommack ya tarar ba zana dabaru a allo ba ne, rarrashi ne: zama da yara masu shekara 19 da 20 ɗaya bayan ɗaya, da kiran iyayensu a waya, domin a gamsar da su cewa wanda bai ɗauko su ba zai iya kai su gasar ƙwararru ta NFL kamar yadda Saban ya yi musu alkawari.

Yanzu mu duba tsarin kansa. Tsarin da Wommack ya zo da shi ana kiransa 4-2-5, wato mutum huɗu masu ƙarfi a sahun gaba, biyu a tsakiya, biyar masu gudu a baya. Gadon gida ne, domin mahaifinsa Dave Wommack ya shafe shekaru yana amfani da irinsa a jami'o'i da dama, ciki har da Ole Miss. Abin ban sha'awa, shi Kane a lokacin da yake wasa a Arkansas da Southern Miss a ɓangaren kai hari ya buga. Bambancin tsarin nan da na Saban ba a lissafin mutane kawai yake ba, a inda ido yake kallo yake. Ɗan bayan Saban yakan kafa wa mai karɓar ƙwallo ido, ya karanta hanyar da ya ɗauka, sannan ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido ko shi zai bi shi ko ya miƙa shi ga na kusa, bisa ƙa'idoji masu yawa da sai an haddace. Ɗan bayan Wommack kuwa ya fi tsare yankinsa yana kallon mai jefa ƙwallon, domin da zarar ta bar hannunsa kowa ya ruga inda ta nufa a lokaci guda, kamar zuma an taɓa amya. Wannan yana rage tunani, yana ƙara sauri, yana kuma ƙara damar cafke ƙwallo a sama, amma mai jifa mai haƙuri zai iya yi ta tsintar guraben da ke tsakanin yankunan.

Har sunayen gurabe aka sauya. Ɗan baya na biyar, wanda a gidan Saban ake kira "Star", ya koma "Husky", an kuma shigo da "Wolf" da "Bandit" a gefen sahun gaba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ya shekara uku yana jin kalma ɗaya jikinsa yana amsawa kafin ƙwaƙwalwarsa, sai ga shi a gaban mutum 100,000 a filin Bryant-Denny yana fassara sabon yare a cikin daƙiƙa biyu. A kakar 2024 ɗin ce kuma aka fara ba koci damar magana da ɗan wasa ɗaya ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, wadda ake yi wa alama da koren ɗigo, kuma layin yana yankewa idan saura daƙiƙa 15 a agogon da ke ƙirga lokacin da ya rage a fara dama ta gaba. Abin da koci bai faɗa ba kafin nan, sai dai yaran su warware da kansu.

Kakar ta fara da kyau, Alabama ta ci Western Kentucky 63 da nema, sannan a ƙarshen Satumba ta doke Georgia 41 da 34 ta hau matsayi na ɗaya a ƙasar. Mako guda bayan haka, ranar 5 ga Oktoba, ta je birnin Nashville wajen Vanderbilt, ƙungiyar da rabonta da cin Alabama tun 1984. Vanderbilt ba ta yi gaggawa ba. Mai jefa mata ƙwallo, Diego Pavia, ya yi ta cin yadi uku, yadi huɗu, wani lokaci ya ruga da kansa, wani lokaci ya tura gajeriyar ƙwallo ta gaba, kuma duk sanda aka zo dama ta uku, inda masu tsaro ke buƙatar tsayawa sau ɗaya tak su fita su huta, sai ya sami hanya. Sau 12 cikin 18 suka tsallake wannan dama, suka riƙe ƙwallo sama da minti 42 cikin 60, masu kai harin DeBoer suna tsaye a gefe suna kallo. Aka tashi 40 da 35, ɗaliban Vanderbilt suka tumɓuke turken raga suka ɗauke shi a kafaɗa har kogin Cumberland suka jefa. A daren nan babu sunan da aka fi ambata a gidajen rediyon Alabama kamar na Wommack, kuma ba da alheri ba.

A nawa ra'ayin, sukar tana da tushe a kan wannan wasan, domin an ga ƙungiya ta maimaita dabara ɗaya ba a yi mata magani ba har aka tashi, amma hukuncin da aka yanke wa mutumin gaba ɗaya ya yi sauri. Makonni uku bayan haka Missouri ba ta ci ko maki ɗaya a kansu ba, aka tashi 34 da nema, sannan suka je Baton Rouge da dare, filin da baƙi ke tsoro, suka ci LSU 42 da 13. A sauran wasannin da Alabama ta rasa bayan na Vanderbilt, da Tennessee da Oklahoma da Michigan, maki 17 da 3 da 13 ta iya ci, wanda ke nuna cewa matsalar ta koma ɗaya ɓangaren, ɓangaren da DeBoer ya ƙware a kai. An gama kakar da nasara 9 da rashin nasara 4, sakamakon da wata jami'ar za ta yi biki a kansa, amma a Tuscaloosa shi ne mafi rauni tun shekarar Saban ta farko, 2007.

DeBoer bai sauya Wommack ba. A watan Oktoban 2025 Vanderbilt ta zo Tuscaloosa, Pavia yana nan, dabarun suna nan, kuma a wannan karon ita ma tana cikin ƙungiyoyin da ake ji da su a ƙasar. Ta ci maki 14 kafin a tafi hutun rabin lokaci, bayan an dawo kuwa ba ta ƙara ko ɗaya ba, aka tashi Alabama tana da 30.