Mantuwar da gwajin jini ke gano tushenta

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau za mu duba yadda ƙarancin wasu sinadaran abinci ke taɓa ƙwaƙwalwa.

A shekarar 1914 hukumar lafiya ta Amurka ta tura likita Joseph Goldberger kudancin ƙasar ya binciko wata cuta da ake kira felagira. Fatar mutum ta yi baƙi ta tsattsage, gudawa ta biyo baya, daga nan sai hankali ya fara gushewa. An ɗauka annoba ce mai yaɗuwa. Sai Goldberger ya lura cewa a asibitocin masu taɓin hankali majinyata ne kaɗai ke kamuwa, masu jinyarsu lafiyarsu ƙalau. Da aka gyara abincin majinyatan, aka ƙara musu madara da nama da ƙwai, cutar ta janye. Sai a 1937 Conrad Elvehjem ya gano abin da suka rasa, wato bitamin B3.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana lashe kusan kashi 20 na iskar da jini ke rarrabawa. Sinadarin ayan, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke samu daga abinci, shi ne ke riƙe wannan iska a cikin jini. Idan ya yi ƙaranci, ga kasala, ga saurin fushi, karatu ya ƙi zama. Yarinyar da ta fara al'ada, ko mai juna biyu, ta yini tana hamma, a ce mata raguwa, alhali jininta ne ya yi ƙasa. Shi kuwa sinadarin ayodin, ɓarnar rashinsa tun daga ciki take farawa, lokacin da ƙwaƙwalwar jariri ke haɗuwa. Shi ya sa ƙasar Suwizalan ta fara zuba shi a gishiri tun 1922.

Wanda ya fi damuna dai shi ne bitamin B12, domin a ɓoye yake ɓarnarsa. Hanta na ajiye shi har na shekaru, ba a ankara da ƙarewarsa sai tafiya ta yi nisa. Shi ke kula da rigar da ta lulluɓe jijiyoyi. In ya yi ƙasa, tafin ƙafa ya riƙa sagewa kamar ana tsira allura, tafiya ta koma tangaɗi, mantuwa ta yi yawa, rai ya riƙa ɓaci babu dalili. Dattawa ya fi kamawa, saboda cikinsu ba ya tsotse shi kamar da, haka ma wanda ya daɗe yana shan metformin don ciwon suga. Dattijo ya manta sunan jikansa, 'ya'ya su ce ai tsufa ne, su haƙura. Wani sa'in tsufan ne, wani sa'in kuwa gwajin jini da 'yan allurai ne maganin.

To amma fa kada a ruga sayen ƙwayoyi. Wani bincike a Amurka kan mutane sama da 18,000, da aka fitar a 2020, ya nuna shan bitamin D bai kare su daga ciwon damuwa ba. Ayan in ya yi yawa guba ne, musamman ga yara. Wanda kuma B12 ne ya yi masa ƙaranci ya kama shan folik asid, wani bitamin na ƙarin jini, da kansa, jininsa zai iya gyaruwa a takardar gwaji, jijiyoyin kuwa na ci gaba da lalacewa, kuma in aka daɗe ba duka ke dawowa ba.