Me Ya Sa Masoyan Shirin Barkwanci Ke Daɗewa Ba Su Yi Aure Ba?

Shekara goma cur shirin Friends na Amurka ya yi yana ja wa masu kallo rai a kan Ross da Rachel. Daga 1994 zuwa 2004, yau a shirya, gobe a ɓata, har 'ya suka haifa, amma ba su daidaita ba sai a kashi na ƙarshe.

Masu kallo, wannan jan ƙafa daga tsarin shirin ya samo asali. Kowane kashi minti 22 ne ko kusa da haka in an cire talla, kuma ana so a ƙarshensa komai ya koma yadda yake, domin wanda ya kunna talabijin a tsakiyar zango ya gane inda aka dosa. Soyayya kuwa gaba take ci. Sai marubuta su riƙa sa mata birki: tsohuwar budurwa ta dawo, ko a samu saɓanin da magana biyu za ta warware, a ja shi wata shida.

Akwai kuma tsoron kada haɗa masoyan ya kori masu kallo. Da jaruman wani shirin Amurka, Moonlighting, suka zama masoya a 1987, masu kallo sun ragu, sai aka ɗora laifin a kan haɗuwar, alhali shirin na fama da jinkirin fitar da sababbin kashi.

Ni dai ban yarda aure na kashe dariya ba. A cikin Friends ɗin nan, Monica da Chandler sun fara soyayya a Landan a 1998, suka yi aure a 2001, labarinsu bai yi sanyi ba. Sun nemi haihuwa ba su samu ba, suka karɓi riƙon tagwaye, ana dariya ana tausaya musu. Haka Jim da Pam na shirin The Office: an ɗaura aure a 2009, daga baya aikin Jim a Filadelfiya ya kusa raba gidan. Duk mai iyali ya san irin wannan gardama, shi ya sa take taɓa zuciya.

Abin da masu kallo ba sa yafewa shi ne a wofintar da haƙurinsu. Shirin How I Met Your Mother ya ƙarar da zango guda a kan bikin Barney da Robin, sannan ya raba auren a kashin ƙarshe a 2014. Har yau masoya shirin da dama na jin haushin wannan saki.