Sharhi: Hannun da ya riƙe ƙusa

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A watan Fabrairun 2004 aka saki fim ɗin The Passion of the Christ a Amurka, wanda ya nuna awa 12 na ƙarshe kafin gicciye Yesu Almasihu, kamar yadda Kiristoci suka yi imani. Manyan kamfanonin Hollywood sun ja da baya, don haka Mel Gibson, daraktan fim ɗin kuma ɗan Katolika mai ra'ayin mazan jiya, ya zuba kusan dala miliyan 30 daga aljihunsa. A Italiya aka ɗauki fim ɗin, 'yan wasa na magana da tsofaffin harsunan Aramiya da Latin. Duk da haka ya kawo sama da dala miliyan 600.

Coci-coci ne suka ɗauki fim ɗin a ka. Fasto zai saye tikitin zauren sinima sukutum, a kwashi mabiya a motoci a kai su. Tun kafin fitowarsa Gibson ya yi ta zagaya shugabannin ikilisiya yana nuna musu, yana kuma ba da shaidar kansa: cewa ya taɓa nutsewa cikin shaye-shaye da fid da rai, tunani a kan wahalar Almasihu ya tsamo shi. Hannun da aka nuna yana riƙe da ƙusa wajen gicciyen ma nasa ne, alamar cewa shi ma yana cikin masu zunubi.

Shekara 2 bayan haka, a Yulin 2006, 'yan sanda suka kama shi a Malibu yana tuƙi a buge, ya kuma yi wa Yahudawa mugun furuci, alhali da ma ana zargin fim ɗin da shafa musu baƙin fenti. Ya nemi gafara. A 2009 matarsa, uwar 'ya'yansa 7, ta nemi a raba auren. A 2010 aka fitar da faifan muryarsa yana zazzaga wa wata macen da suka haihu tare ashar, har maganar ta kai kotu.

Masu kare shi suka ce a kalli fim, a bar mutum da Ubangijinsa. Akwai gaskiya a nan, domin abin da ya sa mai kallo kuka a 2004 yana nan a faifai, giyar 2006 ba ta goge shi ba. Kiristoci kuma sun san labarin Sarki Dawuda da na Bitrus, waɗanda suka yi zunubi suka tuba aka karɓe su. Sai dai ni a ganina wannan kariya ta zo a makare. Mai fim ɗin barkwanci ko na faɗa yana iya cewa gidansa sirrinsa ne. Wanda kuwa ya hau mumbari ya tallata hajarsa da labarin tubansa, shi da kansa ya ɗage labule. Fastocin da suka cika motoci, har da shaidar bakin mai fim suka saya.

A nan Najeriya, ƙungiyar Mount Zion mai shirya fina-finan Kirista, wadda Mike Bamiloye ya kafa a 1985 a ƙasar Yarbawa ta fahimci wannan tun da wuri. Aikinsu suna kiransa hidima, 'yan wasansu masu bishara ne, shi da matarsa Gloria da 'ya'yansu duk suna ciki. Kaya ne mai nauyi, domin ranar da ɗaya ya yi tuntuɓe, jama'a za su ce wa'azin ne ya faɗi. Mu ma a Kano ba baƙin wannan gardama ba ne: tun da 'yan Kannywood suka ce faɗakarwa suke yi, ido ke kan aurensu da shigarsu.

Hollywood dai ta yafe wa Gibson. Fim ɗinsa na 2016 a kan wani soja Kirista da ya ƙi ɗaukar bindiga ya sa aka saka sunansa cikin 'yan takarar lambar Oscar. A 2025 kuma ya koma Italiya kan ci gaban fim ɗin farko, labarin tashi daga matattu, kuma ƙofar fastocin nan dai zai sake ƙwanƙwasawa da tikiti a hannu.