Minti 28 Babu Mai Tuƙi: Yadda Gajiya da Shagala Ke Kayar da Jiragen Sama

Ranar 25 ga Janairun 2024, wani jirgin kamfanin Batik Air ƙirar Airbus A320 ya tashi daga Kendari zuwa Jakarta, babban birnin Indonesiya, ɗauke da fasinjoji 153. Da jirgi ya daidaita a sama, sai kyaftin ya nemi izinin mataimakinsa ya ɗan runtsa. Can ya farka ya tambaye shi ko shi ma zai huta, mataimakin ya ce a'a, kyaftin ya koma barcinsa. Shi kuwa mataimakin nan yana da tagwaye 'yan wata ɗaya a gida, duk dare yana tashi yana taya matarsa reno. Bai san lokacin da barci ya sace shi ba. Masu kula da zirga-zirgar jirage suka yi ta kira, shiru. Sai bayan minti 28 kyaftin ya buɗe ido ya tarar jirgi ya kauce hanya, abokin aikinsa na barci. Allah ya kiyaye, sun sauka lafiya.

Jama'a, sau da yawa idan muka ji jirgi ya faɗi, hankalinmu kan tafi kan inji ko mummunan yanayi. Amma akwai haɗurran da jirgin lafiyarsa ƙalau, matuƙan kuma ƙwararru ne, illa dai hankalinsu ba ya inda ya kamata ya kasance.

Mu koma shekarar 1972. Daren 29 ga Disamba, jirgin Eastern Air Lines mai lamba 401 ya taso daga New York zai sauka Miami a Amurka. Da suka sauko da tayoyi, koriyar fitilar da ke nuna cewa tayar gaba ta kafu ba ta kama ba. Suka fasa sauka, suka hau ƙafa 2,000, suka miƙa tuƙi ga na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, kowa ya duƙufa kan fitilar nan. Ana ciro ta, ana mayarwa, an tura injiniya ƙasan ɗakin matuƙa ya leƙa tayar. Cikin wannan hidima aka ɗan taɓa sitiyari ba da saninsu ba, na'urar ta daina riƙe tsayin jirgin, ya fara gangarowa sannu sannu. Ƙasansu fadamar Everglades ce, duhu ƙirin, babu ko hasken gida ɗaya da zai nuna musu ƙasa na matsowa. Ƙararrawar gargaɗi ta yi ƙara, ba wanda ya ji. Mutum 101 suka rasu. Da aka bincika, tayar nan ta kafu daram tun farko. Ƙwan fitilar ne kawai ya ƙone.

Shekara biyu bayan haka, wani jirgin kamfanin ya faɗi yana shirin sauka a Charlotte, matuƙansa suna hirar siyasa da tsofaffin motoci. Irin wannan ya sa a 1981 hukumar jiragen saman Amurka ta hana duk wata hirar da ba ta shafi tuƙi ba muddin jirgi na tashi ko sauka ƙasa da ƙafa 10,000.

To ita shagala ana iya yi mata doka. Gajiya ta fi wuyar sha'ani, domin mai gajiya shi ne na ƙarshe da zai gane ya gaji. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarin tunaninsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Sannan jikin ɗan Adam yana da agogonsa: tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba komai na jiki yakan yi sanyi, ko da ka yi barci da rana. Direbobinmu masu tafiyar dare sun san wannan lokaci sarai. Bambancin shi ne direba na iya gangarawa gefen titi ya kashe mota, ya sha shayi, ya miƙe ƙafa. Wanda ke ƙafa 37,000 a sama ba shi da gefen titi. A watan Agustan 2022, jirgin Ethiopian Airlines da ya taso daga Khartoum ya wuce ta saman filin jirgin Addis Ababa bai ko fara saukowa ba, rahotanni suka ce matuƙan biyu barci ya kwashe su.

Kuma farkawar ma tana da nata haɗarin, wato magagin barci. A watan Mayun 2010, jirgin Air India Express daga Dubai ya zarce titin sauka a Mangalore ya faɗa kwari, mutum 158 suka mutu. Baƙin akwati, wato na'urar da ke naɗar sautin ɗakin matuƙa, ya naɗi minsharin kyaftin na fiye da awa ɗaya da rabi. Ya farka daf da sauka, jirgin ya taho da tsayi fiye da ƙima, mataimakinsa ya yi ta ce masa su fasa su sake zagayowa, bai saurara ba.

Amma haɗarin da ya fi taɓa ni shi ne na jirgin Colgan Air mai lamba 3407, daren 12 ga Fabrairun 2009, daga Newark zuwa Buffalo. Mataimakiyar matuƙin, mai shekara 24, a Seattle take zaune, can ɗaya ƙarshen Amurka. Albashinta kaɗan ne, don haka ta kwana tana bin jiragen dakon kaya ta ratsa ƙasar baki ɗaya don ta iso wurin aiki, ga mura tana damunta. Shi ma kyaftin a ɗakin hutun ma'aikata na filin jirgi ya kwana, an ga ya shiga kwamfutar kamfani wajen ƙarfe 3 na dare. Suna gangarowa Buffalo suna hirar ƙanƙarar da ta taru a jikin jirgin, alhali sun riga sun shiga tsayin da doka ta hana hira. Gudun jirgi na ta raguwa a gaban idonsu, ba wanda ya lura. Sai sitiyari ya hau karkarwa, wato gargaɗin cewa fukafukai sun kusa daina ɗaukar jirgin. Abin da ake koya wa kowane ɗalibi shi ne ka sunkuyar da hancin jirgi, ka ƙara wuta. Kyaftin ya ja sitiyari baya, hanci ya ɗaga. Jirgin ya faɗa kan wani gida, mutum 49 na ciki da mai gidan suka rasu.

Masu bincike sun ɗora babban laifi kan yadda kyaftin ya amsa gargaɗin, suka kuma ce da alama gajiya ta rage musu kuzari. Ni dai ina ganin ba adalci ba ne a tsaya kan mutum biyun nan kaɗai. Wanda ya tsara aikin da matuƙi zai kwana a kan kujera sannan ya ɗauki rayukan mutane, shi ma yana da tambayar amsawa. Iyalan mamatan ba su yi shiru ba, suka yi ta zarya majalisar dokoki a Washington har aka yi sabuwar doka a 2010. Daga Janairun 2014, dole matuƙin jirgin fasinja a Amurka ya samu hutun awa 10 kafin aiki, a ciki har da damar barcin awa 8 ba katsewa, kuma tsawon aikinsa ya danganta da lokacin da ya fara da yawan sauka da tashin da zai yi. A ƙasashe da dama kuma an halatta ɗan gajeren barci a kan kujera, mutum ɗaya a lokaci guda, kuma ya farka da sauran lokaci kafin a fara saukowa, don magagi ya sake shi.

Sai dai dokar Amurkan ta tsame matuƙan jiragen dakon kaya, su da mafi yawan aikinsu cikin dare ne. Ranar 14 ga Agustan 2013, tun kafin dokar ta fara aiki, matuƙa biyu na jirgin kaya na UPS suna shirin tashi daga Louisville, baƙin akwati ya naɗi hirarsu suna kukan gajiya, suna cewa kamata ya yi doka ɗaya ta hau kan kowa. Kafin ƙarfe 5 na asubar nan, jirginsu ya daki bishiyoyi daf da titin sauka a Birmingham ta jihar Alabama, dukansu biyu suka rasu. Masu bincike sun sanya gajiya cikin abubuwan da suka haddasa haɗarin.