Darasi: Ɗora Gajimare a Kan Taswirar Duniya da Manhajar GIMP

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. A yau za mu ɗauki taswirar da ake naɗe ƙwallon duniya da ita, mu ɗora mata gajimare, kuma za mu yi aikin ne da GIMP domin kyauta ake sauke ta. Hotuna biyu muke buƙata, na doron ƙasa da na gajimare, dukansu kuwa suna cikin tarin Blue Marble da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fitar a shekarar 2002. Ku tabbatar faɗin kowanne ya ninka tsayinsa sau biyu, kamar fiksel 4096 da 2048, domin idan ma'aunin ya saɓa, nahiyoyi za su karkace idan aka naɗe su a ƙwallo.

Ku buɗe hoton ƙasar, sannan ku shiga File ku zaɓi Open as Layers, hoton gajimaren zai hau samansa a matsayin shimfiɗa ta biyu. Yanzu baƙin da ke bayan gajimaren ya rufe komai, to kada wannan ya dame ku. Ku duba akwatin Mode, ku sauya shi daga Normal zuwa Screen. Aikin Screen shi ne ya ɓatar da baƙi ya bar fari, shi ya sa teku da ƙasa suka bayyana nan take. Idan kun ga wani hazo-hazo ya dusashe launin tekun, ku shiga Colors, ku buɗe Levels, ku ɗan matsar da alamar baƙi zuwa dama har ya washe.

Nan ne nake so mu tsaya sosai, musamman masu son zana gajimarensu da hannu. Gajimare na rufe kusan kashi biyu cikin uku na duniya, amma ba barbaɗa shi aka yi kamar gishiri a miya ba, yana da wuraren zamansa. Akwai wani ɗamara mai kauri da ke zagaye tsakiyar duniya, wanda ke haurowa arewa ya kawo mana damina, har a watan Agusta ya lulluɓe Kano da Maraɗi, sa'annan ya koma kudu idan hunturu ya shigo. Saman Sahara da hamadar Larabawa kuwa yawanci a buɗe yake tas. Manyan guguwowi a arewacin duniya suna murɗawa ne saɓanin tafiyar hannun agogo, a kudanci kuma suna bin hannun agogo. Wanda ya kiyaye wannan, ko ɗan abu kaɗan ya zana, ido zai yarda da shi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga aiki mai kyau an cika masa Sahara da farin girgije.

Sai batun ɗinki. Gefen hagu da na dama za su haɗu a bayan ƙwallon, saboda haka ku shiga Layer, Transform, Offset, ku tura shimfiɗar gajimaren da rabin faɗinta, wato 2048, tare da zaɓin Wrap around. Mahaɗar za ta dawo tsakiya, ku shafe layin da Clone, kayan aikin da ke kwafo wani ɓangaren hoto ya ɗora a kan wani, ku mayar da shimfiɗar inda take.

Inuwa ce ke ɗaga gajimare daga ƙasa. Ku kwafi shimfiɗar, ku juya launinta da Invert, ku sauya Mode ɗinta zuwa Multiply, ku sa ta a ƙarƙashin ta asali, ku gusar da ita fiksel uku ko huɗu, sannan ku rage ƙarfinta zuwa kamar kashi 30.

Idan manhajar Blender, wadda ake ƙera siffofi irin su ƙwallo a cikinta, za ku kai aikin, kada ku haɗe shimfiɗun, kuma kada ku haɗa da inuwar, domin hasken can zai samar da tasa. Ku cire baƙin da Color to Alpha, ku fitar da gajimaren shi kaɗai a matsayin PNG, tunda JPEG ba ya riƙe wuraren da ake gani ta cikinsu. A darasi mai zuwa za mu naɗe shi a ƙwallo na biyu da ya ɗan fi na ƙasar girma, mu sa shi ya riƙa juyawa da kansa.