Littafin Balaraba a laburaren Turawa

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hasken nan, ƙarfe huɗu bai cika ba amma Ingila ta riga ta yi duhu, haka hunturunsu yake. Yau ban yi niyyar ɗaukar bidiyo ba, abin da na gani ne ya hana ni zama.

Mako uku da suka wuce na shiga laburaren unguwarmu in mayar da wani littafi. Ina cikin bin kanta ina duba sunaye, sai idona ya faɗa kan Balaraba Ramat Yakubu. Wallahi sai da na cire tabarau na goge na sake dubawa. Ita ce dai, Hajiya Balaraba tamu. Ga shi nan, ku duba bangon. Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, shi ne aka mayar Turanci. Aliyu Kamal ne ya fassara, kuma wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft ya buga shi a 2012. Kun san inda kamfanin yake? Birnin Chennai, can ƙasar Indiya. Labari ya taso daga Kano, ya bi ta Indiya, ya zo ya same ni a Ingila.

Daɗi ya kama ni har na rasa wa zan nuna wa. Matar da ke kula da laburaren na tare, na ce mata wannan da harshena aka fara rubuta shi, kuma marubuciyar ƙanwar tsohon shugaban ƙasarmu ce, Janar Murtala Muhammad. Ta tsaya ta saurare ni da kyau. Amma ina fitowa sai wani abu ya tokare min ƙirji. Irin waɗannan littattafan fa su ne muka taso ana ce mana na ɓata tarbiyya ne. A ɓoye muke karanta su, a cusa a tsakiyar littafin lissafi. 'Yan boko suka laƙaba musu adabin kasuwar Kano, da sigar raini. Yau ga shi an yi masa rajista, an manna masa lamba, an jera shi kafaɗa da kafaɗa da manyan marubutan duniya. Abin ya yi min daɗi, kuma ya yi min ciwo.

Na karanta shi ina yarinya, to amma karatun yarinya daban. A lokacin Saudatu nake bi, ina jiran in ga aurenta da Alhaji Abubakar. Wannan karon uwarta Rabi ce ta riƙe ni. Mace mai 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kore ta ita da yaran kamar bai taɓa saninsu ba. Ba ta zauna tana kuka ba, ta ɗaura ɗamara ta kama sana'a, ta ciyar da su, ta biya musu makaranta. Balaraba ba ta yi wa wahalar nan kwalliya ba. Yadda take lissafa abin da gida ke ci, da wulaƙancin da mace ke haɗiyewa wajen karɓar kuɗin cefane, ka san wadda ta ga abin da idonta ce ta rubuta. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama ƙwarai.

Ƙarshen ne har yanzu ban huce ba. Wanda bai karanta ba ya tsallake nan. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, alhaki ya biyo ubangidansa kamar yadda sunan littafin ya faɗa. To sai me? Sai maza suka taru a kan Rabi, sai ta koma. Matar da ta tsaya da ƙafarta, ita za ta sake ɗaukar wanda ya watsar da ita. Na rufe littafin na yi ta zagaye ɗaki. Da farko haushin marubuciyar na ji. Bayan kwana biyu na gane ba ita ta mayar da Rabi ba, abin da ake yi ne ta ajiye mana a gabanmu, ta bar mu da zafinsa. Da ta ƙare shi da Rabi cikin daula, da tuni na manta da shi.

Gargaɗina ɗaya: idan kina jin Hausa, kada ki fara da fassarar. Mai fassara ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa, amma habaicin kishiyoyi da baƙar magana ba sa tsallaka teku da ƙarfinsu. Sau da yawa ina karanta Turancin, kunnena yana jiyo min yadda aka faɗe shi da Hausa. Na so in sa a aiko min da na asalin, sai na tarar kuɗin aikowa ya ninka kuɗin littafin, na haƙura sai mai zuwa ya zo. Shi ya sa katin laburaren nan nake riƙe shi kamar fasfo, kyauta suke bayarwa, ka ɗauki littafi ka yi makonni da shi.

Wanda na gama kafin na Balaraba kuwa Paradise ne, na Abdulrazak Gurnah, mutumin Zanzibar da ya ci kyautar Nobel a 2021. A 1994 ya fito. Yaro ne mai suna Yusuf, ɗan shekara 12, aka ba wani attajiri Aziz shi jingina saboda bashin da ake bin ubansa, shi kuwa yana zaton kawunsa ne. Tafiyar fatake cikin Afirka ta Gabas, ga Jamusawa suna shigowa. Littafin yana tafiya a hankali, mai gaggawa zai ajiye shi. Ni kam da na ga sunan Yusuf, ga kyau, ga matar maigida, ga riga da aka yage, na san daga inda ya ɗebo. Mu da muka tashi da ƙissar Annabi Yusuf muna ganin abin da maƙwabtana Turawa sai an yi musu bayani. Wannan kam na yi alfahari da shi.

Shi ne ma ya tura ni ga wanda ke hannuna yanzu. Ina cikin karatun Yusuf sai Shaihu Umar ya yi ta faɗo min a rai, na tono shi daga ƙasan akwati. Kun ga yadda bangon ya tsufa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, tun kafin siyasa, don gasar rubutun ƙagaggun labarai da aka yi a 1933, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Shekara 60 ke nan tsakanin fitowarsa da ta littafin Gurnah, amma ciwon ɗaya ne: yaro an raba shi da uwa, an ratsa da shi ƙasashe a hannun fatake. Ɗan siriri ne, za ka iya gama shi a zama ɗaya, ni ce dai nake jan ƙafa da gangan.

Don na san abin da ke gaba. Uwar Umar za ta fita nemansa, ta faɗa hannun masu bauta, a bi da ita ta Murzuk har Tarabulus. A makaranta mun karanta wannan don jarrabawa, ban ji komai ba. Jiya a jirgin ƙasa na kai inda ta bar gida, sai ga hawaye, mutane suna satar kallona. Ina sauka na kira Innata, ban ma gaya mata dalili ba, muryarta kawai nake son ji. Duk wanda ya yi nisa da mahaifiyarsa, kada ya buɗe littafin nan cikin mutane, na gaya muku.

Shafi kaɗan ya rage min. Na Balaraba kuma gobe ne wa'adinsa, amma zan je in sabunta aron, akwai wata 'yar Somaliya a wajen aikinmu da na yi wa alkawarin za mu karanta shi tare. Bari in kunna fitila in ƙarasa Shaihu Umar. Sai mun haɗu.